Gaisuwar Auta a Akwatin Saurare

A cikin kayan gwanjo na sami akwatin, tun ba a san zai yi rana ba. Wani ɗan kasuwa da ke kawo mini matattun rediyoyi daga Katsina ne ya haɗo da shi a buhu, ya ce in cire abin da zan cire in yar da sauran, don ya murɗa ya murɗa bai ji labarai ba, bai ji waƙa ba. Sana'ata ke nan a Batsari: gyaran rediyo da tocila da duk wani abu mai batir da mai shi ya gaji da duka. Da na kwance shi sai na ga ba rediyon labarai ba ne. Irin akwatin nan ne da ke bin layukan oba-oba, wato rediyon hannu da jami'an tsaro ke magana da juna da ita, ɗaya bayan ɗaya, inda ya ji ana magana ya tsaya ya jiyar da kai. Yana da kunne amma ba shi da baki. Na tura shi ƙarƙashin tebur na manta da shi.

Sai ga shekarar da aka rufe layukan waya a yankinmu, wai don a toshe wa ɓarayin daji kunne. Nasu dai bai toshe ba, namu ne ya toshe. Aka hana cin kasuwannin mako, aka hana sayar da fetur a jarka, hawa babur ma sai da dabara. Wayar hannu ta koma tocila. Mutum yana Batsari, ɗan'uwansa yana bayan Ruma, tafiyar da a da ko sallama ba a yi in za a yi ta, amma a kwana a wuni bai san ko yana raye ba.

Mahaifinmu malami ne. Bayan an shiga ƙauyenmu da ke bayan Ruma, dab da daji, ƙafa kuma ta fara ba shi wahala, na je na ɗauko shi. Ya shimfiɗa buzunsa a zaurena, magidantan unguwa suka riƙa zuwa ɗaukar karatu. Autanmu shi ya ƙi tasowa. Ya ce gonar Baba ba za ta kwana da ciyawa ba yana da rai. Na yi faɗa, na yi lallashi, na ce masa gero bai taɓa yi wa kowa sallar gawa ba. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, kai da ba ka bambance gero da maiwa sai an daka, mi ka sani?" Ya yi zamansa can da matarsa, 'yar Tsaskiya, da ƙananan 'ya'yansu.

'Yan sintirin ƙauyen suka yi karo-karo suka sayi oba-oba don su riƙa jin ƙauyukan da ke kewaye, aka danƙa wa auta, saboda shi ke da ɗan faifan sola na caji. Wani mai jaki da ke kawo wake gari ne ya ba ni labari. A ranar na jawo akwatin na kakkaɓe, na ɗaura masa waya a kan dogon gora na kafa a saman soro. Na ba mai jaki saƙo: a gaya wa auta muna iya jin sa, amma ba mu iya amsa masa, kullum in rana ta fito ya yi magana.

Ba zan manta da safiyar farko ba. Na ajiye akwatin a gaban buzun Baba, lambobi suna ta gudu a fuskarsa, can sai suka tsaya cak.

"Salamu alaikum. Baba, ina kwana?"

Baba ya ajiye carbi ya gyara zama kamar an yi sallama a bakin ƙofa. "Wa alaikumus salam. Lahiya lau."

"An tashi lahiya? Ina gajiya? Ya ƙahwa?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi."

Yaron nan yana barin fili bayan kowace tambaya, daidai tsawon amsar Baba, duk da ya san ba zai ji ta ba. Ya gaida ɗalibai, ya gaida maƙwabta, ya gaishe ni, ya gaida iyalina, ya tambayi ruwan sama. Sannan ya ce, "Mu nan lahiya lau, alhamdu lillahi, sai dai..." Ƙit. Akwatin ya yi shiru, lambobi suka ci gaba da gudu. Baba ya shafa addu'a ya ce, "Allah shi yi mai albarka," ya ɗauki carbinsa. Ni kuwa "sai dai" ɗin nan na wuni ina juya ta a raina.

Washegari haka, jibi haka. Gaisuwa ta zo ras, da an zo kan magana sai ƙit.

Akwatin yana da maɓallan murɗawa guda biyu. Ɗaya na ƙara sauti ne, wannan kowa ya san shi. Na biyun yana da wani sunan Turanci mai sarƙe harshe, ni dai ƙyaure nake ce masa, don aikinsa ke nan. Iska cike take da wani shuu marar ma'ana, ƙyauren shi ke tare shi, ba ya buɗewa sai muryar da ta zo da ƙarfin turo shi. In ka sassauta shi da yawa, shuu ɗin ya shigo, akwatin ya ɗauka mutum ne ke magana ya kafe a layin farko, ba zai ƙara gaba ba. In ka tamke shi da yawa, sai mai ƙarfin murya. Akwai wani ɗan wuri a tsakiya, daidai inda shuu ke ɗaukewa, nan ake so ya zauna. To nawa ba shi da tsakiya. Daga hangame sai garƙame. Ga shi 'yan sintiri suna sauya layi kusan kullum, don mutanen daji ma suna da tasu oba-obar, saboda haka dole in bar akwatin ya yi ta bincike, dole kuma in garƙame ƙyauren kafin ya bincika. Maɓallin da ake dannawa ya tsaya a layi ɗaya kuwa, tun a buhun gwanjo rami na tarar a wurinsa.

Sai da na zargi kowa kafin na zargi mai laifin. Na hau soro na ƙara wa gora tsawo har maƙwabcina mahauci ya tambaye ni ko zan fara kiran salla ne. Na sauya batir, na sauya lasifika. Da na sa mitar awon lantarki a ƙafafun ƙyauren ina murɗawa a hankali, allurar ta hau, ta hau, ta faɗi kamar an yanke ta, can gaba ta yi tsalle ta koma sama. A cikin abin akwai wani baƙin zobe mai kamar gawayi, da ɗan harshen ƙarfe da ke bin kansa. Wani mutum a wata ƙasa ya yi shekaru yana murɗa shi daidai wurin da ya kamata, har ya cinye wurin, sannan aka zubo mana a buhu.

Daga baya na gane ɗaya rabin matsalar. Batirin oba-obar auta ba shi da ƙwari, ga damina, rana tana wasan ɓuya da faifansa. In ya danna ya fara magana muryar tana fitowa da ƙarfi, tana tafiya tana raguwa. Ƙarfin duk a gaisuwa yake ƙarewa. Kafin ya zo kan abin da ya sa shi magana, murya ta gaza riƙe ƙyauren, ya rufe a fuskarsa.

Na ce wa Baba, "Baba, akwai magana bayan gaisuwar nan."

Ya ce, "Ai ka ji ya ce lahiya lau."

Raina ya ɓaci, ban kuwa ɓoye ba. Na ce wa ya taɓa cewa ba lafiya ba a cikin gaisuwa? Mu ne fa mutanen da za ka iske a gadon asibiti ana ƙara masa ruwa, ka ce ya jiki ya ce da sauƙi. Mu ne gidanka zai kama da wuta, a rugo a gaya maka, amma sai an fara tambayarka gajiya. Baba ya buɗe littafi. Amma da rana da na shigo zauren na tarar an murɗa ƙyauren daga inda na bar shi, ga ɗan tabon tawada a jikinsa.

Mai jaki ya sake zuwa, na ba shi saƙo da kakkausar murya: a gaya wa auta ya fara faɗin magana, in ya gama ya yi gaisuwar har azahar in ya ga dama. Mutumin ya dawo yana ƙunshe dariya. "Ya ce in gaya ma, shi ba a tasha aka haihe shi ba, da za shi buɗe baki ga mahaihinshi ba gaisuwa. Ya ce amma shi rage. Maganar kuma ba wata ba ce, ƙauyen gabas da su ne suka watse." Wannan ita ce tafiyar mai jaki ta ƙarshe. A hanyar komawa aka tare shi aka karɓe jakin, shi ma da ƙyar ya sha, ya rantse ba shi ba hanyar nan.

Na je wurin 'yan sintirin Ruma in roƙe su su yi magana da shi ta tasu oba-obar. Suka ce dutse ya raba su, ba su jin sa, ba ya jin su. Ƙauyukan da yake magana da su a da kuma sun tashi ɗaya bayan ɗaya. Wato a duk faɗin ƙasar nan, masu sauraren yaron nan su ne ni da gorata, da tsoho mai carbi, sai kuma waɗanda ke cikin daji.

Ya rage gaisuwar kamar yadda ya ce. Ya bar maƙwabta, ya bar ruwan sama, daga baya ya bar ɗalibai. Amma batirin ma raguwa yake yi, kamar suna tsere. Filin da yake bar wa Baba ya amsa ya riƙa ƙanƙancewa, har Baba ya koma amsawa da sauri yana haɗiye rabin kalma don kada ya makara. Muryar kuma ta sauya. Wanda ya goyi yaro ya san muryarsa in yana ɓoye abu.

Babu abin da ban yi wa ƙyauren nan ba. Na wanke shi da sipirit, na busa, na shanya. Na roƙi ɗigon fetur a murfin kwalba wurin mai injin niƙa, yana ba ni yana waige-waige kamar mai sayar da haram. Na ciro maɓallin sauti daga wata tsohuwar rediyon kaset, na ɗora ƙarfen like a garwashi don babu wuta, na like shi da dalma a wurin. Bai yi ba, ba awonsu ɗaya ba, shuu ya cika zauren har ɗaliban Baba suka tashi. Na mayar da tsohon. Irinsa sai Katsina, in ma akwai, ɗan kasuwan da zai kawo mini kuwa ya daina zuwa tun da aka rufe kasuwa. Na gyara wa rabin garin nan rediyo suna sauraren labarin ƙasashen da ba su taɓa gani ba, ga ni na kasa jin ƙanena da ke bayan dutse. Akwai ranar da na ɗaga akwatin zan maka shi da bango, nauyinsa a hannuna ne ya tuna mini ba ni da wani.

Sai na tuna dabarar fensir. Bakin fensir ɗan'uwan baƙin zoben nan ne, in aka goga shi a inda ya cinye yakan riƙe na ɗan lokaci. Na karɓi fensir wurin matata da ke koyarwa a Islamiyya, na goga, na goga, na rufe. Da safe aka yi gaisuwa, aka zo "mu nan lahiya lau", na matso da kunnena. Ƙyauren ya yi rawa, ya buɗe ya rufe, ya buɗe ya rufe, kamar iska tana kaɗa shi.

"...iyali... su fita... ranar... inda Inna take wanki... Yaya ka zo da..."

Shi ke nan. Harshen ƙarfen ya share fensirin kafin a kai ƙarshe.

Inda Inna take wanki na san shi, wani faffaɗan dutse ne a bakin rafi tsakanin ƙauyenmu da Ruma, inda marigayiya mahaifiyarmu ke shanya tufafi muna yara. Ya faɗe shi haka ne don masu sauraren daji kada su gane. Wuri na ji. Rana ce ban ji ba. Na dubi Baba, wannan karon bai shafa addu'a ba, bai kuma ce mini ya ce lafiya lau ba.

Gaba kura baya sayaki. In na tafi rafi in jira, babu mai zama da akwatin, kuma ba wurin da ake zaman jira ba ne, mutum ya tsaya can ya zama abin hange. In na zauna, watakila yau ce ranar. Na ari babur na je sau ɗaya da hantsi, na iske dutsen babu kowa sai kashin awaki, na juyo. Na sake goga fensir, bai ƙara kamawa ba. Kullum da safe ina jin yaron nan yana gaida Baba da sauri, ƙyaure ya rufe, ni kuma na san a bayan shirun nan yana can yana kiran sunan rana, yana maimaitawa, yana zaton ina ji. Abinci ya fita raina. Tsoro nake ji, irin wanda ba ya barin mutum ko a cikin salla.

Wata rana bayan la'asar ina zaune da ƙyauren a tafin hannu, ina kallonsa don na rasa abin yi, sai na lura zoben ya fi harshen faɗi. Inda harshen ke bi ne kawai ya cinye, gefensa na ciki yana nan baƙi wuluk, ba a taɓa taka shi ba. Na aika aka karɓo mini allurar ɗinki. Na sa bakinta na lanƙwasa harshen ciki kaɗan, a hankali, don in ya karye an gama. Na sa mita, allurarta ta hau sumul tun daga ƙasa har sama. Na mayar na like, na murɗa, shuu ya ɗauke a hankali a tsakiya, inda Allah ya nufe shi da ɗaukewa. Kafin magariba har wasu 'yan sintiri na ji daga wajen Wagini, can ƙasa-ƙasa, suna gardamar wanda zai kawo goro. Na ce wa Baba gobe za mu ji komai. Abin da ke hannuna tun farko ashe allura ce maganinsa.

Da safe Baba ya riga ni zama. Ya sa farar rigarsa, ya ajiye carbi tun kafin lambobi su tsaya. Da suka tsaya na ga leɓensa ya motsa, amsar sallama tana bakinsa.

"Yaya, in kana ji na. Na sa su hanya tun da duhu, ita da yara. Inda na hwaɗa ma. Kullum ina hwaɗi, ban ga kowa ba, na san ba ka ji ne. Ka tahi ka tare su, ƙaramar ba ta da takalmi."

Muryar ta fara raguwa. Nan ne inda ƙyauren ya saba rufewa. Bai rufe ba.

"Ni ba ni zuwa. Jiya mutanen daji sun aiko a ba su mai gaida Baba, haka suke ce mani, ko su sa wa gari wuta da mutanen ciki. Ga su can bakin masallaci. Zan hita in same su." Muna jin numfashinsa, can nesa ana buga wani abu kamar ƙofar langa-langa. "Yaya, ka ce ma Baba shi yahe mani."

Daga nan sai shuu na ɗan lokaci, ƙyauren ya rufe a hankali yadda aka yi shi ya rufe, lambobi suka ci gaba da gudu.

Na yi kwana da kwanaki ina neman a ji, ga shi an ji, har da wanda da na sani da na fitar da shi daga zauren. Na kasa ɗaga ido. Can Baba ya ce, a hankali, kamar mai gyara wa ɗalibi karatu, "Yau bai gaishe ni ba."

Sai a kan babur, ina hanyar Ruma, na lura da abin da yaron nan ya yi. Tun daga farkon maganar har ƙarshenta da ni ya yi ta. Ba shi da lokacin gaisuwa, saboda haka bai buɗe baki ga mahaifinsa ba, ko gafarar ma ta hannuna ya aiko a roƙa masa. Ban san ko saƙona ya bi ba ko nasa hankalin. Na yi kuka a kan hanyar nan har na daina ganin rami.

Na same su a gindin dutsen, ita a tsugune, yaran sun lafe a jikinta, ƙafar ƙaramar duk ƙaya. Sai da muka shigo gari ta ce, "Yaya, ya yi magana?" Na ce ya yi.

Kafin kaka ta ƙare ƙauyen ya watse. Waɗanda suka fito sun ce sun ga an tafi da shi a ƙafa, hannu ɗaure, ba wanda ya ga abin da ya biyo baya. Ba a aiko ba, ba a nemi komai ba. Da aka buɗe layukan waya na riƙa kwana da tawa a aljihu, duk baƙuwar lamba sai in ɗauka da sauri, sai in ji mai neman a gyara masa tocila. Geron da ya ƙi tasowa dominsa ban san wanda ya ci ba. Ba mu ga gawa ba, saboda haka ba a yi salla ba, ba a zauna makoki ba. Mutane suna zuwa su rasa abin da za su ce, ta'aziyya ba ta halatta ba, barka babu dalili. Matarsa tana ɗakin da na ware mata, ba ta shiga takaba ba, ba ta kuma yi kwalliya ba.

Damina ta zagayo, ta sake zagayowa. Rannan mahaifinta ya zo daga Tsaskiya, dattijo mai kunya, ya zauna a bakin buzu ya daɗe yana murza hularsa. Ya ce shi ba da wata manufa ya zo ba, amma yarinya ce, ƙuruciya gare ta, mutane kuma sun fara tambaya. Ya ce, "Malam, ba a matsayin suruki na zo ba. Hukunci na zo tambaya. Matar da mijinta ya ɓace, ba rai ba gawa, har yaushe take jira?"

A shekarun nan Baba ya amsa wannan tambaya ga mutane da yawa a zauren nan, ko littafi ba ya buɗewa. Na ga ya kai hannu kan littafin, ya bar shi a rufe.

Ya ce, "Na san hukuncin. Amma ku tahi ku tambayi wani."

Na raka baƙon har bakin hanya na nuna masa gidan limamin unguwa. Da na dawo na iske matar auta a tsakar gida tana tankaɗe. Ta ɗago ta dube ni, ta mayar da kai kan rariya.